ABU YUSUF AL-KINDI, MALAMIN DA YA AUNA GUMIN KWALBA



 Yau a tarihin mutanen farko da muke kawowa za mu ɗan matsa daga malaman hadisi da fiƙihu, mu leƙa wani fanni da ba mu cika taɓowa ba. Bari in fara da abin da ya jawo.

Kwanakin baya na tashi daga nan Dutsin-Ma na je Kurfi gaishe da wata yayata. Lokacin bazara ne, hadari yana haɗowa yana bajewa, ga zufa. Ɗanta da yake aji biyu a ƙaramar sakandare ya kawo mini zoɓo mai ƙanƙara a gorar roba, ya ɗora a faranti. Kafin mu gama gaisawa jikin gorar duk ya yi gumi, farantin ya jiƙe. Sai na ce ya gaya mini daga ina wannan ruwan ya fito. Ko tunani bai yi ba, ya ce ai gorar ce take yoyo. Na ce to ya dubi launi: zoɓon ciki ja wur, ruwan waje fari tas. Na sa ya lasa, babu zaƙi babu tsami. Yaro ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Abin da ya fi damuna, da ya ɗauko littafinsa na kimiyya, darasin yana ciki. An rubuta musu da Turanci cewa abu yana zama a hali uku, ko daskararre, ko mai ruwa-ruwa, ko mai kama da iska. An rubuta sunan kowane sauyi daga wannan hali zuwa wancan. Ya haddace tsaf, har ya biya mini kamar yana biya allo. Amma bai taɓa sanin cewa abin da ya haddace ɗin shi ne yake ɗiga a farantin da ke gabansa ba.

Wannan amsa ta yoyo da yaron ya ba ni tsohuwa ce ƙwarai. Shekaru sama da 1,100 da suka wuce wasu mutane a Iraƙi sun faɗe ta, kuma wani malami ya rushe ta da kwalba da ma'auni. Tarihinsa za mu ji yau.

NASABARSA DA ZAMANINSA

Sunansa Ya'aƙub ɗan Is'haƙ ɗan Sabbah, alkunyarsa Abu Yusuf. Ana ce masa Al-Kindi saboda ƙabilarsa ta Kinda, babbar ƙabila ce ta Larabawa wadda asalinta daga kudu ne, wajen Yaman da Hadramaut, kuma gidan sarauta ce tun kafin Musulunci. Duk wanda ya karanta adabin Larabci ya san Imru'ul Ƙais, to daga wannan ƙabila ya fito. Nasabar Al-Kindi tana tuƙewa ga Sahabi Ash'as ɗan Ƙais, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya jagoranci tawagar Kinda zuwa Madina a shekara ta 10 bayan Hijira, daga baya ya zauna a Kufa.

A Kufa ɗin aka haifi Ya'aƙub, wajen shekarar 185 ta Hijira, wato 801 Miladiyya. Mahaifinsa gwamnan Kufa ne a zamanin Halifa Mahdi da Halifa Haruna Rashid. Kenan ɗan babban gida ne, ya tashi cikin wadata. Yawancin waɗanda suka yi suna a fannin falsafa da likitanci a wancan ƙarni Farisawa ne ko Kiristocin Sham da Iraƙi, shi kuwa Balarabe ne ɗan dangi, shi ya sa aka yi masa laƙabi da masanin falsafar Larabawa.

Domin ku gane zamanin sosai: tsararsa ne da Imam Bukhari, wanda aka haifa a 194 ya rasu a 256, da Imam Muslim da ya rasu a 261. Imam Ahmad ɗan Hambal yana Bagadaza a lokacin. Al-Khawarizmi mai littafin aljabara shi ma yana nan. Gari ɗaya, a wannan unguwa ana tace isnadi, a waccan ana lissafin tafiyar rana da wata.

A FADAR HALIFOFI

Da ya girma ya koma Bagadaza, ya samu shiga a wurin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 198 zuwa 218. Zamanin fassara ne. Ana juyo littattafan Girkawa na likitanci da lissafi da falsafa zuwa Larabci, masu mulki da attajirai suna biyan kuɗi. Al-Kindi ya tara masu fassara a kusa da shi, irin su Ibnu Na'ima mutumin Hims. Su suke juyo littafi, shi kuma ya gyara Larabcin, ya samo wa baƙin ma'anoni kalmomin da Balarabe zai fahimta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: babban aikinsa na farko shi ne sa ilimi ya yi magana da harshen mutanensa.

Tauraronsa ya fi haskawa a zamanin Halifa Mu'utasim, daga 218 zuwa 227, wanda ya gina birnin Samarra ya mayar da fada can. Shi ya ɗauke shi ya zama malamin ɗansa Ahmad. Da yawa daga rubuce-rubucen Al-Kindi gajerun risaloli ne, amsar tambaya ce da wannan yarima ko wani ɗalibi ya yi masa. Wato dai malamin makaranta ne, ɗalibi ya yi tambaya, shi kuma ya zauna ya warware masa dalla-dalla.

Ibnu Nadim, a littafinsa Al-Fihrist da ya rubuta a 377, ya jero masa sunayen littattafai da risaloli sama da 200. Akwai na lissafi, da na likitanci, da na gani da haske, da na warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan maimaituwa. Akwai kuma wani rukuni da ya shafi batunmu kai tsaye: risala kan dalilin dusar ƙanƙara da ƙanƙarar sama da walƙiya da tsawa, wata kan yadda hazon ruwa yake samuwa, wata kan dalilin da ya sa wasu wurare ba su cika samun ruwan sama ba, wata kan me ya sa saman sararin sama yake da sanyi alhali kusa da ƙasa akwai ɗumi. Tambayoyin da yaranmu suke yi mana muna ce musu su yi shiru, su ne ya zauna yana rubuta wa amsa.

GWAJIN KWALBA

A cikin risalarsa kan cikowar teku da janyewarsa ya kawo wani gwaji. Ga yadda yake. A samo kwalbar gilashi, a cika ta da dusar ƙanƙara, a toshe bakinta sosai, a auna nauyinta. A samo kwano, shi ma a auna shi. Sai a sa kwalbar a cikin kwanon a bar ta. Bayan ɗan lokaci ɗigon ruwa zai taru a bayan kwalbar, ya riƙa gangarowa cikin kwanon har ya yi yawa. Sai a sake auna su gaba ɗaya, kwalba da kwano da ruwan da ya taru. Za a tarar nauyin ya fi na farko.

Ku tsaya ku dubi hikimar. Da a ce ruwan daga cikin kwalbar ya tsattsafo, nauyin gaba ɗaya ba zai sauya ba, domin abin da ya fita daga kwalba ya shiga kwano ne, kamar mutum ya cire kuɗi daga aljihun dama ya sa a na hagu. Tunda nauyi ya ƙaru, dole wani abu ya shigo daga waje. Kuma babu abin da ke waje sai iska. A nan ne ya yi raddi mai zafi ga masu cewa ƙanƙarar ce take ratso gilashin, ya nuna ruwa ba shi da hanyar ratsa gilashi. Bai ce a yarda da shi don shi malamin ɗan Halifa ne ba. Ya ba da hanyar da kowa zai gwada da hannunsa.

Amma fa akwai inda bai kai ba, kuma amana ce a faɗa. Shi ya fahimci cewa iskar ce kanta take rikiɗa ta zama ruwa, saboda ya tafi a kan ra'ayin Girkawa cewa komai daga abu huɗu yake, ƙasa da ruwa da iska da wuta, kuma ɗaya yana komawa ɗaya. Abin da bincike ya tabbatar daga baya shi ne, iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani. Iska mai ɗumi tana iya ɗaukar da yawa, in ta yi sanyi sai ta kasa riƙe shi duka. Idan ta taɓa jikin kwalba mai sanyi, sai wannan tururi ya koma ruwa ya manne. Iskar tana nan a iskarta. Sai a 1783 Lavoisier a Faransa ya bayyana cewa shi kansa ruwa haɗi ne na sinadarai biyu, haidirojin da oksijin.

Mu a nan muna da hujjar da za mu ƙara a kan gwajin Al-Kindi. Ajiye gorar ƙanƙara a watan Agusta, tsakiyar damina, ka ga yadda take tsiyaya. Ajiye irinta a watan Janairu cikin hunturu, lokacin da leɓe yake fashewa, gumin ɗan kaɗan ne. Iska tana nan a duka lokutan biyu, danshin da ke cikinta ne ya bambanta. Raɓar da ke kwana a ganyen gero da asuba ita ma haka take samuwa. Girgije ma haka: rana ta ɗaga tururi daga teku da koguna da madatsu irin namu na Zobe, ya hau sama inda ake sanyi, ya taru ya zama ɗigo, sai Allah Ya kora shi inda Ya so.

Randa kuwa akasin kwalba ce. Al-Kindi ma ya kamanta ɗigon kwalbarsa da wanda ake gani a jikin manyan tuluna. Ita randa da gaske take tsattsafowa, domin yumɓu yana da ƙananan ƙofofi. Ruwan da ya fito bayanta yana tashi ya bi iska, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ci zafi. Zafin nan daga jikin randar da ruwan cikinta yake zuƙo shi, shi ya sa ruwan randa yake sanyi. Wani malami a Sukotland mai suna Joseph Black ne ya auna wannan ɓoyayyen zafi wajen 1761. Zafin da ƙanƙara take ci kafin ta narke kawai, ba tare da ta yi ɗumi ko kaɗan ba, ya kai wanda zai ɗaga ruwa mai nauyinta daga awo 0 zuwa awo 80. Wanda tafasasshen ruwa yake ci kafin ya zama tururi kuwa ya ninka sau biyar da ɗoriya a kan wanda ya kai shi daga 0 zuwa 100. Shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, kuma shi ya sa zufa in ta bushe jiki yake yin sanyi.

TURARE DA TURURI

Akwai littafinsa kan haɗa turare da tace shi ta hanyar tururi, mai ɗauke da haɗi 107. Wani Bajamushe mai suna Karl Garbers ya buga shi tare da fassara a 1948. A ciki an yi bayanin man ƙamshi iri-iri, da ruwan wardi, da kayan aikin da ake amfani da su.

Kayan aikin guda uku ne. Akwai tukunyar ƙasa da suke kira ƙar'u, ma'anarta gora, saboda siffarta. Akwai murfi mai dogon hanci da ake kifa mata, shi ne ambiƙ. Sai kwalbar da ke tarbar abin da ya ɗigo. A zuba furen wardi da ruwa, a hura wuta a hankali, tururi ya tashi ɗauke da ƙamshi, ya bugi murfi mai sanyi, ya koma ruwa, ya bi hancin nan ya ɗiga a kwalba. Tashin suna ce masa tas'idi, ɗigowar taƙɗiri. Sauyi biyu kenan a jere, ruwa ya zama tururi, tururi ya koma ruwa, kuma a tsakaninsu an raba abin da ake so da wanda ba a so.

Kowace uwa a Kurfi da Dutsin-Ma tana yin rabin wannan aiki kullum. Ɗaga murfin tukunya, ga ɗigon ruwa a ƙasansa. Madambaci da tururi yake dafa dambu. In aka tafasa ruwan gishiri aka tari ɗigon murfin aka lasa, babu gishiri a ciki, ya zauna a tukunya. Da wannan dabara, a manyan injuna, Saudiyya take tace wani kaso na ruwan teku ya zama na sha. Kafur ɗin da ake sawa a akwatin kaya yana da nasa sha'anin: yana ƙanƙancewa har ya ɓace bai taɓa jiƙa tufafi ba, domin daga daskararre yake tsallakawa ya bi iska.

A littafin akwai kuma hanyoyin haɗa abin da zai yi kama da almiski da ambar da za'afaran da kayan da ba su kai su tsada ba. Masu sana'ar turare a kula: sanin haɗi ilimi ne, amma sayar da kwaikwayo da sunan na asali algus ne, hukuncinsa bai sauya ba tun daga Bagadaza har kasuwar Dutsin-Ma.

Ya kuma rubuta wa Mu'utasim risala kan takubba, inda ya rarrabe ƙarfe mai taushi da mai tauri, da kuma wanda ake narkawa a tace ya zama fulaz, wato ƙarfen da ake ƙera takobi mai kyau da shi. Maƙeranmu za su ji daɗin wannan.

RADDINSA GA MASU YIN ZINARE

A zamaninsa kalmar kimiya'u, wadda daga ita muka samo kalmarmu ta kimiyya, ta fi nufin sana'ar masu da'awar mayar da dalma ko jan ƙarfe su zama azurfa da zinare. Mutane da yawa sun ƙarar da dukiya a kanta, wasu da gaskiyar niyya, wasu kuma 'yan damfara ne zalla. Al-Kindi ya rubuta risala ta faɗakarwa kan yaudararsu, da wata ta rushe da'awar tasu. Matsayarsa ita ce ɗan Adam ba zai iya ƙera zinare da azurfa ba. Mas'udi ya ambaci wannan raddi a Murujuz Zahab, kuma babban likita Abubakar Ar-Razi, wanda ya zo bayansa, ya rubuta littafi yana mayar masa da martani.

A wannan gardama Al-Kindi ne ya dace. Dalma tana narkewa a awo 327, zinare a 1,064, jan ƙarfe a 1,085. Narka su sau dubu, in sun huce kowanne abin da yake ɗin zai koma. Narkewa tana sauya hali ne kawai, kamar man kaɗanya da ya narke a rana ya daskare da asuba, yana nan man kaɗanyarsa. In ka haɗa jan ƙarfe da tutiya za ka samu abu mai launin zinare, amma ma'auni zai tona shi, domin zinare ya ninka jan ƙarfe mai girmansa nauyi sau biyu da ɗoriya. Akwai kuma sauyi na biyu, wanda abu yake komawa wani abu daban: icce ya ƙone ya zama toka da hayaƙi, ƙarfe ya yi tsatsa, madara ta yi tsami ta zama nono. Ko a nan ɗin ma sinadaran asali haɗuwa suke su rabu, babu wuta ko magani da zai mayar da dalma zinare. Bambance waɗannan sauyi biyu shi ne bakin ƙofar ilimin sinadarai. Yaron da ya gane shi da wuya wani ya zo masa da baƙaƙen takardu da kwalbar ruwa ya ce za a wanke su zama dala.

JARRABAWAR DA TA SAME SHI

Ibnu Abi Usaibi'a ya kawo labarin a littafinsa na tarihin likitoci. A zamanin Halifa Mutawakkil, daga 232 zuwa 247, akwai 'yan uwa biyu masana lissafi da ƙere-ƙere, Muhammad da Ahmad 'ya'yan Musa ɗan Shakir, masu faɗa a ji a fada. Suka yi ta sukar Al-Kindi har Halifa ya sa aka yi masa bulala, aka kwashe littattafansa kaf aka killace su a wani ɗaki daban da ake kira da sunansa. Dattijo ɗan babban gida, malamin yarima, aka raba shi da abin da ya tara tsawon rayuwa. Hassada tsakanin masu ilimi ba yau ta fara ba.

Sai Allah Ya kawo sanadi. Mutawakkil ya ba 'yan uwan nan aikin haƙa wata babbar hanyar ruwa daga kogin Dijla zuwa sabon garin da yake ginawa. Suka wakilta Al-Fargani, shi kuma ya yi kuskuren awo, bakin hanyar ya fi sauran zurfi, ruwa ba zai gudana yadda ake so ba. Halifa ya yi rantsuwar in kuskuren ya tabbata zai tsire su a bakin ruwan, ya kuma naɗa wani masani, Sanad ɗan Ali, ya bincika. Suka je suna roƙonsa. Sanad da Al-Kindi ba sa ga maciji, amma ya gindaya musu sharaɗi cewa ba zai sa baki ba sai sun mayar wa Al-Kindi littattafansa, sun kawo shaida a rubuce daga hannunsa. Haka aka yi. Dijla ta cika ta rufe kuskuren na ɗan lokaci, bayan wata biyu aka kashe Mutawakkil, suka tsira. Ku dubi adalcin abokin gaba.

Cikin risalolinsa akwai wata kan dabarar kore baƙin ciki. Jigonta shi ne duk abin da ke hannunmu aro ne, in Mai shi Ya karɓa babu dalilin ƙorafi. Wanda ya rubuta wannan shi aka jarraba da littattafansa.

Ya rasu a Bagadaza wajen shekarar 260, wato 873, ba ya cikin ɗaukakar da ya taɓa samu a fada. Cikin ɗalibansa akwai Ahmad ɗan Ɗayyib As-Sarakhsi da Abu Zaid Al-Balkhi. A ƙarni na 12 an fassara wasu littattafansa zuwa Latin, Turawa suna kiransa Alkindus. Yawancin rubutunsa ya salwanta. Wani kundi da ya tsira a ɗakin littattafai na Aya Sofiya a Santambul shi ne Muhammad Abdulhadi Abu Rida ya dogara da shi ya buga risalolinsa a Alƙahira, mujalladi biyu, a 1950 da 1953.

ABIN ƊAUKA DA ABIN BARI

Kada wani ya ce Malam ya ce a bi Al-Kindi a komai. Ya kutsa cikin falsafar Girkawa, malaman Sunna kuma suna da magana a kan wannan tafarki. Ya yi rubutu kan hukunci da taurari, wannan ba mu tare da shi a kai. Amma adalci ne a faɗa cewa ya saɓa wa Aristo, ya kafa hujja cewa duniya fararriya ce, tana da Mahalicci, ya kuma tabbatar da cewa ilimin Annabawa yana sama da abin da hankali yake wahala ya samo. Aƙida muna ɗaukarta daga inda aka san ana ɗauka. Awon kwalba kuwa duk wanda ya yi daidai, daidai ne.

ZUWA GA MALAMAI DA IYAYE

Malaman kimiyya na firamare da ƙaramar sakandare, na san halin da kuke ciki, aji cike da yara, babu ɗakin gwaji. Amma gwajin Al-Kindi gora ɗaya yake buƙata, da ƙanƙarar da ake sayarwa a bakin titi, da kwano, da ƙaramin sikeli mai lamba irin na masu shago. A goge gorar ta bushe kafin awon farko, a rufe ta gam. Kafin a sake aunawa a sa kowane yaro ya faɗi abin da yake zato, nauyi zai ƙaru ko zai ragu ko zai tsaya. Sannan a bari sikeli ya raba gardama. A yi bayani da Hausa tukuna, narkewa da daskarewa da tafasa da tashin tururi da komawarsa ruwa, in sun gane sai a ɗora musu sunan Turancin da za su rubuta a jarrabawa. Aikin da Al-Kindi ya yi wa Larabci kenan. In an samu ma'aunin zafi a tafasa ruwa a gabansu. Littafi ya ce 100, amma a nan za su ga wajen 98, saboda muna kan tudu sama da bakin teku. Kada a ce ma'aunin ne ya lalace, darasi ne na biyu ya zo da kansa.

Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da na Jami'ar Tarayya da ke nan Dutsin-Ma, ku ne za ku shiga waɗannan azuzuwa gobe. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ilimin sinadarai ya karanta a Zariya, ya kuma koyar da shi shekaru kafin ya shiga mulki. Marigayi Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, sirrin randa ya ɗauka, ya sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Iyaye kuma, wannan darasi ya wuce cin jarrabawa. Yaron da ya yarda cewa iska tana ɗaukar abin da ido ba ya gani zai gane me ya sa ba a kwana da garwashin gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Zai gane cewa jarkar fetur a buɗe tana cika ɗaki da tururin da ashana ɗaya ta ishe shi. In ya je wurin haƙar zinare ya ga ana ƙona zaiba, zai san ba ɓacewa ta yi ba, huhun mai ƙonawa ta shiga. Rayuka nawa muka yi wa sallah saboda rashin sanin wannan?

Ɗan yayata dai mun yi gwajin da shi kafin in baro Kurfi, da sikelin wani mai shago a unguwarsu. Da ya ga lambar ta hau, sai da ya sa aka sake aunawa sau biyu. Jiya mahaifiyarsa ta kira ni, wai ya hana kowa sakat, yana bin murafen tukwane yana lashe ɗigon.

Allah Ya gafarta wa Abu Yusuf kurakuransa, Ya saka masa a kan abin da ya dace. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya taimaki malamansu, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Wanda ya gwada da ɗalibansa ko 'ya'yansa ya gaya mana abin da sikelinsa ya nuna.